Ƙarar jirgi da ƙarar kotu: yadda garin East Hampton ya mallaki filin jirgin sama amma ya kasa juya shi

Ranar Juma'a da la'asar a watan Yuli, wanda ke zaune a farfajiyar gidansa a ƙauyen Mattituck ba ya buƙatar duba kalanda kafin ya san ƙarshen mako ya zo. Rugugi ne ke gaya masa. Jirgi mai saukar ungulu zai ɓullo ta wajen teku daga arewa, ya ratsa ta kan gonakin inabi, ya miƙe kudu maso gabas, kafin ƙararsa ta gama mutuwa wani ya biyo sawu. Masu hira sukan yi shiru a tsakiyar magana, su jira ya wuce, su ɗora daga inda suka tsaya, can kuma su sake yin shiru. Lahadi da yamma da Litinin da sassafe sai jerin ya juyo. Jiragen nan ba Mattituck za su ba. Masu hannu da shuni suke kwasowa daga Manhattan zuwa filin jirgin sama na East Hampton, can ƙetaren ruwa. Shi kuwa mutumin Mattituck ɗan garin Southold ne. Ba ya jefa ƙuri'a a East Hampton, ba shi da wakili a majalisar da ta mallaki filin, kuɗin sauka da jiragen ke biya kuma ko sisi ba ya shiga asusun garinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To amma ko gardin ma ba abin da ya tsinana. Majalisar East Hampton ta shafe shekaru tana ƙoƙarin rage wannan zirga-zirga, ta kafa dokoki, ta ɗauki manyan lauyoyi, ta je har ƙofar Kotun Ƙolin Amurka, ta yi yunƙurin rufe filin da kanta, kuma a kowane karo hannu rabbana ta dawo. Wannan shi ya sa lamarin ya cancanci a zauna a duba shi da kyau. Wanda ya mallaki ƙasar daban, wanda ke da ikon kafa doka a kan abin da ke tashi daga kanta daban, masu jin ƙarar kuma sun warwatsu a garuruwan da ba su da ko ɗaya daga cikin biyun.

Wurin da mutanensa

Tsibirin Long Island, a jihar New York, yana rabuwa gida biyu a ƙarshensa na gabas, kamar wutsiyar kifi. Reshen kudu shi ne inda gidajen hutun attajirai suke, a garuruwan Southampton da East Hampton. Reshen arewa na manoma ne da masu gonakin inabi, a garuruwan Riverhead da Southold. A tsakani akwai ruwan Peconic da ɗan tsibirin Shelter Island, wanda shi ma gari ne mai majalisarsa. Abin da ake kira gari a nan ya fi kama da ƙaramar hukuma: yanki ne mai ƙauyuka da dama a ƙarƙashinsa, da majalisa wadda galibi mutum biyar ce, shugaba ɗaya da kansiloli huɗu. Ƙidayar 2020 ta nuna mazauna East Hampton sun ɗan haura 28,000, amma a watannin zafi adadin yakan ninka sau da yawa.

Filin jirgin yana ƙauyen Wainscott, a ƙarshen yammacin East Hampton, kusan a manne da iyakar Southampton. Wannan ɗan bayani na taswira shi ne rabin labarin. Jirgin da ya taso daga birni ba ya shiga sararin East Hampton sai ya kusa sauka. Yawancin tafiyarsa ta ƙarshe a kan rufin mutanen wasu garuruwa yake yin ta: Noyac da North Sea da Bridgehampton na Southampton, ko Shelter Island, ko ƙauyukan reshen arewa.

An gina filin a shekarun 1930, kuma ya daɗe yana ɗan wurin ƙananan jirage na masu sha'awar tuƙi. Abin da ya canza shi cunkoson hanya ne da kuɗi. Daga Manhattan zuwa nan kimanin mil 100 ne, tafiyar da a mota ranar Juma'ar hutu kan ci awa uku ko huɗu, a jirgi mai saukar ungulu kuwa minti arba'in. Da ma sai mai iya ɗaukar hayar jirgi sukutum ke yin wannan. A 2014 kamfanin Blade ya fara sayar da kujera ɗai-ɗai ta manhajar waya, sai ƙofa ta buɗe ga wanda ke da kuɗi amma bai kai na hayar jirgi guda ba. A wannan shekarar sauka da tashin jirage masu saukar ungulu a filin ya ƙaru da kashi 47 cikin ɗari a kan na shekarar da ta gabata, koke-koken ƙara da aka shigar kuma suka haura 20,000.

Masu jirage suna da amsarsu game da wannan adadi, kuma ba amsar banza ba ce: koke-koken daga gidaje 'yan ɗaruruwa suka fito, wasu gidajen kuma sun shigar da ɗaruruwa su kaɗai. Gaskiya ne. Amma mutumin da ya zauna yana danna waya sau talatin a rana ɗaya don ya rubuta cewa jirgi ya wuce, ba rashin aikin yi ne kaɗai ke damunsa ba, jirage talatin ɗin sun wuce. Ƙidayar koke ba ta auna yawan waɗanda abin ya dama, tana auna yawan waɗanda ba su gaji ba tukuna.

Ladan kuturu

A 2001 garin ya karɓi tallafin kuɗi daga hukumar kula da sufurin jiragen sama ta tarayya, wato FAA, don gyaran wajen ajiye jirage. Kuɗin bai kai dala miliyan biyu ba. Irin wannan tallafi yana zuwa da jerin alkawura da ke ɗaure mai karɓa har shekara ashirin, kuma mafi nauyinsu shi ne cewa filin zai kasance a buɗe ga kowane irin jirgi bisa sharuɗɗa masu ma'ana, ba tare da nuna bambanci ba. Akwai kuma sharaɗin cewa kuɗin da filin ya samar a kan filin za a kashe shi, ba a zuba shi a gina makaranta ko gyaran titi ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin nan sai watan Satumba na 2021 zai ƙare.

Wata ƙungiyar mazauna yankin da ke adawa da faɗaɗa filin ta kai FAA ƙara, a 2005 aka sasanta. Hukumar ta yarda cewa bayan 31 ga Disamba, 2014, ba za ta ƙara tilasta wa garin bin huɗu daga cikin alkawuran ba, har da wanda ya shafi buɗe filin ga kowa. Daga nan masu neman sauƙin ƙara suka fara ƙirga kwanaki. A ganinsu ranar farko ta 2015 gari zai karɓi linzaminsa.

Sai dai akwai wata doka da ba ta cikin yarjejeniyar, kuma ita ce ta zama ƙashin kifi a wuya. A 1990 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa dokar ƙarar jirage da yawan zirga-zirgarsu, wadda aka fi sani da ANCA. Kafin ita, kotuna sun bar wa mai filin jirgi ɗan hurumi: tunda shi ake kai wa ƙara idan hayaniya ta dami maƙwabta, yana iya kafa ƙa'idoji masu ma'ana don rage ta. Kamfanonin jirage suka koka cewa kowane gari da tasa dokar, ba a san inda za a dafa ba. ANCA ta bar ƙa'idojin da ke aiki kafin Oktoban 1990 yadda suke, amma ta gindaya hanya mai tsauri ga duk wata sabuwa. Idan jiragen da za a taƙaita na tsohon rukuni ne masu ƙara sosai, sai an yi nazarin riba da asara, an ba da sanarwar kwana 180, an saurari jama'a. Idan na sabon rukuni ne, sai dai duk masu amfani da filin su amince, ko kuma gwamnatin tarayya ta sa hannu. Wanda ya san tarihin wannan hanya ya san ba ta da sauƙin fita. Filin jirgin Burbank a Kalifoniya ya kashe shekaru da miliyoyin daloli yana neman izinin hana tashi da dare, a 2009 FAA ta ce a'a. Na Los Angeles ma ya nemi wata ƙa'idar dare, aka mayar da shi a 2014. Garin Naples a Florida ya samu ya hana tsofaffin jiragen jet masu ƙara, amma sai da ya sha shari'a har 2005.

A 2012 ɗan majalisar wakilai na yankin, Tim Bishop, ya aika wa FAA tambayoyi a rubuce. Amsar da ta dawo ta nuna cewa muddin garin ba ya neman sabon tallafi, ba sai ya bi matakan ANCA ba. A kan wannan takarda majalisar East Hampton ta ɗora gininta gaba ɗaya. A nawa ganin, nan ne kuskuren farko kuma mafi tsada. Wasiƙar ma'aikata tana faɗin abin da hukuma ke niyyar yi ko ƙin yi. Ba ta ɗaure alƙali, ba ta kuma hana wani na uku, kamar kamfanin da ke asarar kuɗi, zuwa kotu ya ce a karanta dokar yadda aka rubuta ta.

Hanyar da ta kwashe ƙara ta kai gidan wani

Kafin a kai ga dokokin garin, wani abu ya faru da ya jefa reshen arewa cikin rikicin. Mazauna tsakiyar tsibirin, inda jama'a suka fi yawa, sun daɗe suna kuka da jiragen da ke bi ta kansu. Sanata Chuck Schumer ya matsa lamba, a watan Agustan 2012 FAA ta mayar da hanyar gaɓar arewa ta zama tilas: jirgi mai saukar ungulu da ke bin arewacin tsibirin sai ya tsaya a kan ruwa, kimanin mil ɗaya daga gaɓa. Ƙungiyar masu irin waɗannan jirage ta ƙalubalanci dokar, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington ta tabbatar da ita a 2013.

A takarda hanyar ta miƙe har Orient Point, ƙarshen reshen arewa. Amma dokar ta ba matuƙi damar barin hanyar idan zai karkata zuwa inda zai sauka. Babu matuƙin da zai zagaya har ƙarshen tsibiri, ya ƙona mai da minti goma sha, alhali doka ta ba shi damar yanke hanya. Sai kowa ya riƙa karyawa kudu a kusan wuri guda, ta kan Riverhead da Mattituck da Cutchogue, ya tsallaka Peconic, ya faɗa kan Noyac. Ƙarar da da take warwatse a wurare da yawa sai ta taru a kan layi ɗaya. Mutanen yamma sun samu sauƙi, na gabas suka gaji kayan. Hukumomin Southold da Riverhead da Shelter Island sun yi ta neman a tilasta wa jirage zagayawa ta kan ruwa har ƙarshe, ko a kafa irin wannan hanya ta tilas a gaɓar kudu don a raba nauyin. An sabunta dokar sau da dama ba tare da an toshe wannan kafa ba. A 2018 majalisar tarayya ta umarci FAA ta sake duba hanyar ta kuma saurari jama'a, mutanen yankin suka yi ƙorafin cewa abin da aka shirya musu bai yi kama da zaman sauraro ba.

Kusa da filin ma haka abin yake. Akwai hanyoyin shiga da fita na ganin dama da ake tsarawa tsakanin shugabannin filin da ƙungiyar matuƙa. Duk lokacin da aka matsar da layi a taswira, wata unguwa takan yi shiru, wata ta fara kira. Wanda ya halarci irin wannan zama zai ga abin da ke faruwa: mutanen da ya kamata su haɗa kai suna nuna wa juna yatsa, kowa na cewa me ya sa ta kanmu.

Dokoki uku na 2015

A watan Agustan 2014 majalisar garin, ƙarƙashin shugabanta Larry Cantwell, ta kira taro na musamman a Wainscott. Ɗaruruwan mutane suka cika wurin, da yawa daga cikinsu kuma ba 'yan East Hampton ba ne, har da shugabannin garuruwan maƙwabta. Wannan abin a yaba ne, domin ba dole ba ne majalisa ta saurari wanda ba ya zaɓenta. Kansila Kathee Burke-Gonzalez ce ke riƙe da sha'anin filin. Aka kafa kwamitocin ba da shawara, na masu adawa da ƙara daban, na masu harkar jirage daban, aka ɗauko masana suka yi ƙididdiga.

Ranar 16 ga Afrilu, 2015, majalisar ta zartar da dokoki uku. Ta farko ta hana kowane jirgi sauka ko tashi daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe. Ta biyu ta tsawaita haramcin ga jiragen da aka sa a rukunin masu ƙara, daga 8 na dare zuwa 9 na safe. Ta uku, wadda ita ce mai cizo, ta taƙaita wa kowane jirgi mai ƙara zuwa ɗaya da komawa ɗaya a mako, daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba. Ma'aunin mai ƙara shi ne wanda takardar shaidarsa ta nuna ya kai 91 a sikelin ƙarar sauka, wanda ya kama yawancin manyan jirage masu saukar ungulu da ake haya da su.

Akwai doka ta huɗu da aka tsara amma aka janye kafin ƙuri'a: hana jirage masu saukar ungulu kwata-kwata a ƙarshen mako na lokacin zafi. Dalilin janyewar ya fi dokokin da aka zartar bayyana yanayin matsalar. Jirgin da aka kora daga Wainscott ba zai fasa zuwa ba, wani wurin zai nema: ƙaramin filin Montauk, ko wajen saukar da ke bakin teku a ƙauyen Southampton, ko filin Gabreski na gundumar Suffolk da ke Westhampton. Filin Montauk kuwa mallakar masu zaman kansu ne, majalisa ba ta da iko a kansa, amma mutanen Montauk 'yan garin East Hampton ne, suna da ƙuri'a. Maƙwabcin da ke zaɓe an ji kukansa tun kafin abin ya same shi.

Kwanaki kaɗan bayan zartarwa, wata ƙungiya mai suna Friends of the East Hampton Airport tare da kamfanonin jirage suka shigar da ƙara. A watan Yuni alƙaliyar kotun tarayya, Joanna Seybert, ta raba gardama: ta bar dokokin dare biyu su yi aiki, ta dakatar da ta zuwa ɗaya a mako. Lokacin zafi biyu aka yi a haka. Ɓangarorin biyu duka suka ɗaukaka ƙara, ranar 4 ga Nuwamba, 2016, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke New York ta soke dukkan ukun. Hukuncin bai ce dokokin ba su da ma'ana ba, bai ma shiga wannan ba. Cewa ya yi matakan ANCA sun hau kan kowane filin jirgi na gwamnati, ya karɓi tallafi ko bai karɓa ba, kuma garin bai bi su ba. A watan Yunin 2017 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar garin. An koma gidan jiya, har dokar daren da aka samu ta tafi.

Akwai wani abu na fasaha da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne ke sa bin hanyar tarayya ta yi wa irin wannan fili wuya musamman. Ma'aunin da FAA ke amfani da shi matsakaici ne: ana tara ƙarar dare da rana ta shekara guda, a ƙara wa ta dare maki goma, a raba. Inda sakamakon bai kai 65 ba, a wurin hukuma wurin ya dace da zaman mutane. An ƙera wannan ma'auni ne don manyan filaye masu aiki kullum. A filin da aikinsa ya taru a watanni uku ko huɗu, a cikinsu ma a kwanaki uku na mako, shirun Janairu da Fabrairu ne ke shanye rugugin Yuli. Gidan da jirgi ke wucewa ta kansa duk bayan 'yan mintuna ranar Juma'a, a lissafin shekara sai ya fito a matsayin wuri mai natsuwa. Mutum na cewa ba na iya zama a waje, takarda na cewa babu matsala, kuma dukkansu ba ƙarya suke yi ba.

A tsakiyar wannan kuma wata matsalar ta ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa. A 2017 aka gano sinadaran da ake samu a kumfar kashe gobara a cikin rijiyoyin gidaje a Wainscott, aka ja wa unguwar bututun ruwan famfo, a 2019 kuma jihar ta sa wani sashe na filin cikin jerin gurɓatattun wuraren da ke buƙatar tsaftacewa. Daga nan masu cewa a rufe filin gaba ɗaya suka ƙara samun magoya baya.

Rufewar da ba a yi ba

Garin ya fara shirin bin doguwar hanyar ANCA, daga baya ya karkata ga jiran Satumban 2021. Da alkawuran tallafin suka ƙare, majalisa ta samu ikon rufe filin. Lauyoyi suka fito da wata dabara. Tunda ANCA filayen da ke buɗe ga jama'a ta shafa, a rufe wannan na ɗan lokaci, a buɗe sabo a wuri guda a matsayin fili mai zaman kansa, wanda ba a sauka sai da izinin mai shi. Titin jirgi ɗaya, hasumiya ɗaya, ma'aikata ɗaya, suna kawai da matsayi za su canza. A watan Janairun 2022 majalisar, ƙarƙashin Peter Van Scoyoc, ta amince. An fara sa ƙarshen Fabrairu, aka ɗage zuwa Mayu: a rufe ranar 17, a buɗe ranar 19. Cikin ƙa'idojin da aka shirya akwai taƙaita sa'o'in aiki, da zuwa ɗaya a rana ga jiragen haya, da hana jirage mafiya nauyi.

Ranar 16 ga Mayu, saura kwana ɗaya, alƙalin kotun jiha Paul Baisley ya ba da umarnin dakatarwa. Masu ƙarar sun haɗa da Blade da masu rumfunan ajiye jirage a filin, amma har da mazauna Montauk da wasu wuraren da ke tsoron a juyo musu da jiragen. Wannan haɗin gambiza ya cancanci a lura da shi: kamfanin da ke kawo ƙarar da mutanen da ke gudun ƙarar sun tsaya a layi ɗaya a gaban alƙali. Sai dai FAA ta riga ta shigar da canjin cikin taswirori da bayanan da matuƙa ke amfani da su, waɗanda ake sabuntawa a ranakun da aka tsayar tun da wuri, ba a juya su dare ɗaya. Ranar 19 ga Mayu lambar filin ta tashi daga HTO ta koma JPX. Sabon suna ya zo, sabon iko bai zo ba.

A watan Oktoban 2022 alƙalin ya yanke hukunci a kan garin bisa dalilai biyu. Na farko, dokar muhalli ta jihar New York tana buƙatar a yi nazarin tasirin mataki kafin a ɗauke shi, garin kuwa ya shirya ya fara aiwatarwa sannan ya tattara bayanai a lokacin zafin da zai biyo baya. Na biyu, rufewar kwana biyu ba ta fitar da filin daga ƙarƙashin ANCA. A watan Mayun 2023 ya sami garin da laifin saɓa umarnin kotu, ya ci shi tarar dala 250,000, da dala 1,000 a kowace rana har sai ya bi umarnin.

Hujjar garin game da nazarin ba ta rasa ma'ana ba: ba za ka san inda jirage za su karkata ba sai ka hana su ka gani. Amma ga mutumin Montauk ma'anar wannan ita ce a kansa za a yi gwajin. Kuma nan ne nake ganin kuskure na biyu yake. Tambayar ina jiragen za su koma ita ce ta kashe doka ta huɗu a 2015, ita ce kuma ta ba abokan hamayya abokan tafiya a 2022. Shekara bakwai tsakani, kuma ba a samu wani zama mai iko da ya haɗa garuruwa biyar ɗin da gundumar da ke da filin Gabreski da masu filin Montauk don a amsa ta tare ba. Akwai kwamitoci, akwai wasiƙu, akwai ƙudurorin goyon baya da majalisun maƙwabta suka zartar. Duk shawara ce. Southold na iya roƙon East Hampton, ba ta iya tilasta mata. East Hampton na iya jin tausayin Southold, ba ta iya canza hanyar sama ko da ƙafa ɗaya, domin sararin samaniya na gwamnatin tarayya ne tun daga inda tayar jirgi ta bar ƙasa.

Ba za a ce masu son filin ba su da abin faɗa ba. Akwai masu ƙananan jirage da suka girmi rikicin, waɗanda ba su ne ke damun kowa ba amma kowace doka takan shafe su. Akwai makanikai da masu zuba mai da masu koyar da tuƙi. Akwai batun kwashe marasa lafiya ta sama a yankin da hanyar mota ɗaya ce babba kuma takan cushe. Akwai kuma tambayar abin da za a yi da kadada ɗaruruwa a saman ruwan ƙasa da garin ke sha idan an rufe. Waɗannan su ne suka sa majalisa ta nemi tsaka-tsaki maimakon rufewa ɗungurungum, kuma tsaka-tsakin ne dokar tarayya ta fi tsanantawa a kai. Rufe fili gaba ɗaya, bayan alkawura sun ƙare, ya fi sauƙi a doka a kan hana jirgi ɗaya sauka ƙarfe goma na dare.

A watan Nuwamban 2023 masu zaɓe a East Hampton suka zaɓi Kathee Burke-Gonzalez, wadda ta jagoranci dokokin 2015, ta zama shugabar majalisar garin, ta kama aiki a Janairun 2024. Filin da ta gada yana ɗauke da lambar JPX, a buɗe yake ga duk jirgin da ya zo, kuma babu dokar dare ta tilas a kansa. Mutanen Mattituck da Noyac da Shelter Island ba su cikin waɗanda suka jefa ƙuri'a a wannan zaɓe.